Gayya da Ginin Gida a Ƙasar Gobir: Misalin Bafarawa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda mutanen Bafarawa ta ƙasar Isa, da maƙwabtansu na Sabon Birni, suka gaji tsara gidajensu da gina su da hannunsu, da kuma dalilin da ya sa wannan gado ya cancanci kulawa.

Tsari da Aiki

Bisa al'ada ba a zana gida a takarda. Maigida da magini ne ke tsayawa a fili su shata harsashi: zaure a bakin hanya, sa'an nan cikin gida inda kowace mace ke da ɗakinta, rumbuna kuwa a gefe. In iyali ya ƙaru sai a ƙara ɗaki.

Gini aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona gida. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai a kira gayya. Samari su haƙo ƙasa, su kwaɓa ta da ciyawa, su yi tubali, yara su jido ruwa, mata su dama fura. Akan yi rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta cinta da sauƙi, a yi yaɓe da makuba don kare bango daga ruwan sama. Kaurin bangon shi ke sa ɗaki sanyi da bazara, ɗumi da hunturu.

Matsaloli

Giginya ta yi ƙaranci, kwano da siminti kuma ga tsada ga zafi. Ambaliyar gulbin Rima ta 2010 ta rusa gidaje masu yawa a gabashin Jihar Sakkwato. Daga 2019 kuwa hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutanen yankin zuwa ƙasar Maraɗi. Duk wanda ya komo, matsuguni zai fara nema.

Darasi daga Waje

A Misira, Hassan Fathy ya fara gina Sabuwar Gurna da tubalin ƙasa a shekarun 1940, amma jama'ar da aka yi domin su suka ƙi ƙaura, aikin ya tsaya. A Yama ta ƙasar Tawa kuwa, mutanen gari ne suka raba aikin masallacinsu ƙarƙashin magini Falke Barmu tun 1962, har ginin ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Haka nan a Cikal ta Nijar, a 1980 aka fara koya wa magina rufin tulluwa da tubali zalla, ba azara.

Kammalawa

Abin lura shi ne, gidan da masu shi suka tsara suka gina, su ne ke iya gyara shi kowace shekara. Saboda haka ya kamata duk shirin sake gina garuruwan Gobir ya faro daga magina da dattawan gari, waɗanda suka san tudu, suka san hanyar ruwa. Manazarta harshe kuma su hanzarta tattara kalmomin wannan sana'a daga bakin tsofaffin magina.