ADAM17

ADAM17, wanda kuma ake kira TACE, enzayim ne mai yanka furotin da ake samu a jikin mutum da sauran dabbobi masu shayarwa. Yana zaune ne a fatar da ta lulluɓe ƙwayar halitta, kuma ba ya aiki sai da sinadarin zinki. Sunan an taƙaita shi ne daga wasu kalmomin Turanci, ba shi da alaƙa da sunan Adamu.

Aikinsa

Sinadaran girma furotin ne masu kai wa ƙwayoyin halitta saƙo cewa su girma, su rabu biyu, ko su matsa su rufe rauni. Wasu daga cikinsu, kamar TGF-alfa da HB-EGF da amfiregulin, ƙwayar tana ƙera su ne a ɗaure a jikin fatarta. ADAM17 ne ke yanke su daga gindi, sai su bazu su kama makarɓin saƙo da ake kira EGFR a kan wasu ƙwayoyin. Ke nan saƙon yana nan a shirye tun farko, yankan ne ke tsayar da lokacin fitarsa da yawansa. Abin da aka yanke ba ya sake mannewa, shi ya sa jiki ke sa masa linzami: furotin TIMP-3 yana dakatar da shi, iRhom1 da iRhom2 kuma su ke raka shi zuwa wurin aikinsa. Shi EGF kansa galibi ADAM10 ne ke yanka shi.

Bincike

An gano shi a shekarar 1997 a matsayin mai sakin TNF-alfa, sinadarin da ke haddasa kumburi. A 1998 aka ga ɓerayen da aka lalata musu shi ana haifarsu ido a buɗe, alhali ɓera da ido rufe ake haifarsa, kuma yawancinsu suna mutuwa dab da haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Alamomin sun yi kama da na ɓerayen da suka rasa TGF-alfa ko EGFR, wannan ne ya nuna rawarsa a saƙon girma.

Cututtuka

Yawan aikinsa yana da alaƙa da wasu nau'o'in ciwon daji, ciki har da na mama da na huhu. Rashinsa ma illa ne: a 2011 an ba da rahoton 'yan gida ɗaya da suka gaji rashinsa, suna fama da kumburin fata da na hanji tun suna jarirai. Haɗa maganin da zai toshe shi ya yi wuya, saboda furotin iri-iri yake yankawa, wasu magungunan gwajin kuma sun taɓa hanta.