Marfin Bulok: Ƙaramin Ƙarfe Mai Tsayar da Akori-kura

Da kaka ne akori-kurar ƙungiya ta fi shan wahala. A wani wuri dankali take ɗauka daga Bokkos zuwa Jos, a wani wuri citta zuwa Kafanchan, a wani kuma tumatir, wanda ba ya jiran kowa. A irin wannan lokaci ne direba kan ga tururi ya taso a gaban mota. Ya sauka ya duba lagireto, lafiya lau. Robobin ruwa ma lafiya. Amma ga jan ruwa yana kwarara daga jikin injin kansa. Yawanci abin da ya ɓace wani ɗan ƙarfe ne mai kama da marfin kwalba, wanda kuɗinsa bai kai na kaza guda ba. A nan za mu ce da shi marfin bulok.

Bari mu fara da inda ya fito. Gangar jikin injin, watau bulok, zuba ta ake yi da narkakken ƙarfe, kamar yadda masu zubin tukwane suke yi, cikin ƙwarya ta yashi. Domin a sami hanyoyin da ruwa zai bi kewaye da silinda, sai a sa curin yashi a ciki kafin a zuba ƙarfen. Bayan ƙarfe ya huce tilas a fitar da yashin nan, saboda haka akan bar ramummuka a gefen bulok da bayansa. Waɗannan ramummuka ne ake toshewa da marfin. Ba dunƙule yake da shi ba, ba zare. Buga shi kawai ake yi ya matse.

A Amurka da sauran ƙasashen sanyi suna kiransa da wani suna mai ma'anar marfin ƙanƙara. Dalili kuwa, idan ruwa ya daskare yakan ƙara girma wajen kashi 9 cikin 100, ƙanƙarar ta tura marfin waje. Wasu suna tsammani don haka aka yi shi, ya ceci injin. Ba haka ba ne, gama sau da yawa marfin kan fita, bulok kuma ya tsage duk da haka.

To, mu a nan me ya haɗa mu da ƙanƙara? Ko a Jos, cikin tsananin hunturun Disamba da Janairu, ruwa ba ya daskarewa a cikin mota. Abin da yake cin namu marfin tsatsa ce, mu ne kuwa muke ba ta abinci. Motocin Kwatano sukan iso da ruwa mai launi a lagireto, kore ko ja. Da ya ragu sai mu cika da ruwan rijiya, ko na rafi, ko na kududdufin bakin hanya, muna cewa ai wannan ruwan launi na ƙasar sanyi ne. Gaskiya ne akwai maganin daskarewa a cikinsa, wanda ake kira gilaikol. Amma akwai maganin tsatsa kuma a ciki, shi ne mu muke bukata. Injunan dizal irin na tsofaffin Toyota Hilux, su 2L da 3L da 5L, bulok ɗinsu baƙin ƙarfe ne mai kauri, yana iya jimre wa tsatsa shekaru da yawa. Marfin kuwa kaurinsa bai fi milimita 1 ko 2 ba. Laka da gishirin ruwan rijiya sukan kwanta a ƙasan hanyar ruwa, daidai bayan marfin, su yi ta cinsa daga ciki. Daga waje za ka gan shi sumul, alhali saura ƙiris ya huje.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi shafar dizal. Injin dizal yana matse iska sosai, irin su 5L har wajen ninki 22, na fetur kuwa wajen ninki 9 ko 10. Idan gaskit na kan injin ya ƙone, wannan ƙarfi yakan shiga hanyar ruwa ya cika ta da iska, har ya fizge marfi mai lafiya. Saboda haka idan marfi ya fita ɗungum, ba tsatsa a jikinsa, kada a mayar da sabo kawai a kama hanya. A cika ruwa, a ta da injin yana da sanyi, a leƙa bakin lagireto. In kumfa tana ta tasowa ba fasawa, gaskit ne, sabon marfin ma ba zai daɗe ba.

Marfi ba ya cika mutuwa ba sallama. Ruwa yana raguwa kowace safiya, ba a san inda yake zuwa ba. Jan layi na tsatsa ya gangaro a gefen injin, sau da yawa ƙarƙashin bututun hayaƙi ko bayan sitata inda ido ba ya kaiwa sai da tocila. Idan ruwa yana ɗiga tsakanin injin da giyabos, na baya ne ya huje. Wasu kan zuba ɗanyen ƙwai ko garin barkono a lagireto don su tsayar da yoyo. Watakila ya tsaya na kwana biyu, amma ƙananan hanyoyin lagireto ne za su toshe.

In abin ya faru a hanya, a kashe injin nan take. Mu lura da wannan ƙwarai: idan ruwa ya zube gaba ɗaya, allurar zafi tana iya ƙin hawa, gama abin da yake auna zafin ba ya cikin ruwa kuma. Direba yana ganin allura daidai, fistin kuwa yana narkewa. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, kada kuma a kwara ruwan sanyi a injin da ya yi zafi, kan injin zai tsage. Gara a nemi wata mota ta kwashe kayan, ko da an biya haya, da a ce bari mu lallaɓa zuwa gari. Akwai marfi na roba mai noti a tsakiya, wanda in an ɗaure notin robar ta kumbura ta toshe ramin. Yana da kyau a ajiye guda a mota, amma na kai mota gareji ne kawai.

Gyaran kansa ba shi da wuya in hannu yana kaiwa wurin. A zubar da ruwa duka. A sa ƙarfe mai dakusasshen baki a gefe ɗaya na marfin, a buga da guduma har ya juya ya karkace, sa'an nan a cafke shi da filaya a jawo. A yi hankali kada ya faɗa ciki, kada kuma a karce bakin ramin, domin ramin da ya karce zai yi ta yoyo. Tun da rami yana buɗe, a wanke lakar da ke ciki da ruwa mai ƙarfi. Za ku yi mamakin abin da zai fito. A goge bakin ramin da samfefa mai laushi, a auna shi, ko a tafi da tsohon marfin wurin mai sayarwa, gama bambancin milimita 1 ya isa ya ɓata aikin. In an sami na tagulla a saya, ba ya tsatsa. A shafa gam na gaskit kaɗan a gefensa, a sami soket da ya shiga cikinsa daidai, a buga a hankali, miƙe, har bakinsa ya yi daidai da jikin bulok ko ya ɗan shige.

Shawararmu ga kwamitin mota ita ce, in ɗaya ya huje don tsatsa, a canja duk waɗanda hannu ya kai, gama ruwa ɗaya suka sha. Na baya ba a kai masa sai an sauke giyabos. Don haka ranar da za a canja kuloc, ma'aji ya ƙara kuɗin marfin baya, a yi aiki ɗaya.

Bayan gyara sai a zuba ruwan da ya dace. Yawancin akori-kura suna cin wajen lita 10. In an sayi gilaikol mai kauri, rabi shi rabi ruwa mai tsabta. In wanda aka riga aka gauraya ne, kada a ƙara masa kome, a karanta jikin galan. Launi kaɗai ba shaida ba ne. Ruwan gaurayawa kuwa, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta aka tace ya fi na rijiya nesa, sai a tara jarka guda tun da damina. Wannan gauraye yana da wani amfani kuma. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a tudun Jos kuwa wajen 96, amma gauraye sai ya haura haka da wajen digiri 7, murfin lagireto mai lafiya kuma ya ƙara masa. Murfin da robarsa ta tsage a canja shi. Koren ruwa irin na da, a sake shi bayan shekara 2. Sababbin sun fi daɗewa, amma kada a haɗa iri biyu. Sakatare ya rubuta ranar a littafin mota.

Gilaikol yana da zaƙi a baki, guba ne kuma, yana lalata ƙoda. Tsohon ruwan da aka zubar a tare shi a bokiti, kada a bar shi ya kwanta a tsakar gida inda karnuka da awaki za su lasa. Galan ɗin kuma a kulle shi a sito, kada a juye shi a kwalbar lemo inda yaro zai gani.