Gilashin Cikin Ido da Numfashin Ido: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, wanda aka fi sani da lens, ya yaɗu a wajen masu gujewa tabarau da amare masu son canza launin ido. Maganganu a kansa sun yi yawa, musamman kan ko yana hana ido shan iska. Bari mu tace su ɗaya bayan ɗaya.

Ana cewa ido yana numfashi

Gaskiya ne. Tantanin nan mai haske da ya rufe baƙin ido, wanda likitoci ke kira koniya, ba shi da jijiyoyin jini. Yana samun yawancin oksijin ɗinsa daga iska ta cikin hawayen da ke jiƙa shi. Iska na ɗauke da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. Idan aka rufe ido ana barci, abin da tantanin ke samu daga jijiyoyin fatar ido yana raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na hakan. Shi ya sa ko wanda bai sa komai ba, tantaninsa yana kumbura da kusan kashi 4 cikin 100 da dare, ya sace da safe.

Ana cewa duk lens yana shaƙe ido

Wannan tsohon labari ne. Tsohon gilashi mai tauri, na robar PMMA, ba ya barin oksijin ya ratsa shi ko kaɗan. A 1961 masanin sinadarai Otto Wichterle na ƙasar Cekosulobakiya ya ƙera mai laushi, wanda oksijin ke bi ta ruwan da ke jikinsa, kuma Amurka ta amince da sayar da shi a 1971. Babban sauyi ya zo a ƙarshen shekarun 1990 da silikon haidirojel, domin silikon yana wuce da oksijin ninki-ninki fiye da ruwa. Ana auna yawan oksijin da gilashi ke bari ya wuce da lambar Dk/t. Binciken Holden da Mertz na 1984 ya nuna ana bukatar kusan 24 don sawa da rana, da 87 don kwana da shi. Da yawa daga na silikon sun haura 100.

Ana cewa wanda ya fi ruwa ya fi ba ido iska

Rabin gaskiya. A tsohon mai laushi haka ne, tunda ruwa ne hanyar oksijin. A na silikon kuwa, ruwa ba shi ne ma'auni ba. Wani lokacin ma mai ƙarancin ruwa ne ya fi wuce da iska. Kuma mai ruwa da yawa yana saurin bushewa, abin da mai sa shi a lokacin hunturu zai ji a jikinsa.

Ana cewa ɗiga magani yana ƙara wa ido oksijin

Ƙarya ce. Ruwan ɗigawa yana rage bushewa da ƙaiƙayi, amma ba ya canza yawan iskar da gilashin ke bari ta wuce. Abin da ke canzawa shi ne irin robar da kaurinta da yadda ta zauna a ido. Ko babban gilashi mai tauri da ake sa wa masu tantani mai tsini, idan ruwan da ke tare ƙarƙashinsa ya yi kauri, iskar tana raguwa. Likita ne ke daidaita wannan.

Ana cewa tunda na zamani ne, a kwana da shi

A nan mutane suka fi faɗawa rami. Silikon ya rage matsalar iska, bai kashe ƙwayoyin cuta ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kwana da lens yana ninka haɗarin kamuwa da ciwon tantani sau 6 zuwa 8. Haka wanke shi da ruwan famfo ko na rijiya yana iya kawo Akantamiba, ƙwayar cutar da ke iya makantarwa. Mai wanka ya cire shi tukuna, mai alwala kuma ya kiyaye kada ruwa ya shiga idon.

Ana cewa yana ɓacewa a bayan ido

Ba zai yiwu ba. Akwai fata siririya da ta haɗe farin ido da cikin fatar ido, ta toshe hanyar. Iyakarsa ya maƙale ƙarƙashin fatar sama.

A ƙarshe, ga alamomin da za a lura da su: idon da ba ya samun isasshiyar iska yakan yi ja, gani ya yi hazo, mutum ya riƙa ganin zobe kewaye da fitila. Idan abin ya daɗe, jijiyoyin jini sukan kutsa cikin tantanin da ya kamata ya zama garau. Duk wanda ya ga haka, ko ya ji zafi, ya cire gilashin nan take ya je wurin likitan ido, ya tafi da kwalinsa domin a ga irin robar da ya sa. Na kwalliya da ake saye a kasuwa ba tare da awo ba shi ma gilashin ido ne, kuma dokokin nan duka sun hau kansa.