Buhun Taimako Da Yaro Mai Ciwon Sukari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a harabar coci ranar rabon kayan taimako ya san abin da ke cikin buhu: shinkafa, garin rogo, masara, taliya, manja, da ɗan sukari in an yi sa'a. Irin wannan rabo aka yi ta yi a Mararaban Rido cikin 2020 da 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a ƙananan hukumomin Chikun da Kajuru, mutane suka kwararo da 'yan ƙunshinsu a ka. Ikilisiyoyi da zumuntan mata sun yi ƙoƙari ainun, ba mai musun wannan.

Amma fa akwai yaron da ba a yi buhun nan dominsa ba, wato yaro mai ciwon sukari.

Da yawanmu mun ɗauka ciwon tsofaffi ne da masu ƙiba. Na yara daban yake. Jikin yaron ne ya daina yin wani sinadari da ake kira insulin, wanda ke shigar da sukarin abinci cikin tsoka ya zama ƙarfi. Ba zaƙi ya sha da yawa ba, ba kuwa sammu aka yi masa ba. Sai a ga yana ta fitsari, yana ta shan ruwa, yana ci amma yana ramewa, wani lokaci har kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Kafin 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, irin waɗannan yara ba su daɗewa a duniya. Har yanzu babu ganye ko sassaƙen da ke maye gurbin allurar.

To, ga inda wahalar gudun hijira take. Yaron da aka yi wa allura dole ne ya ci abinci a kan lokaci. In an yi masa da safe, tukunyar sansani kuwa ba ta sauka ba sai la'asar, sukarin jininsa zai faɗi, ya soma gumi da rawar jiki, ya ruɗe, ya suma, har na kusa su ce iskoki ne. A nan sukarin da kowa ke hana shi ne zai cece shi: a jiƙa cokali uku a ruwa a ba shi muddin yana iya haɗiya. In kuwa an bar kwalbar allura a ƙauye garin gudu, cikin kwana kaɗan amai da ciwon ciki da numfashi mai nauyi za su biyo baya. Wannan sai asibiti nan take, ko Saint Gerard a Kakuri ko Barau Dikko a hayin kogi.

Littafin Ayyukan Manzanni sura 6 ya ba da labarin gunagunin da ya tashi domin ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, har aka zaɓi mutum bakwai su kula. A ganina abin da ya rage wa kwamitocinmu ke nan. Mai rubuta sunaye ya ƙara tambaya guda: akwai mai shan magani ko yin allura kullum a gidan nan? Iyaye da yawa ba za su faɗa da kansu ba, saboda kunya ko tsoron a ce sun cika roƙo.

Gidan da ya amsa, a ƙara masa wake da gyaɗa da ƙwai da ganye irin su zogale. Acca tana da kyau, amma abinci ce, ba magani ba. A ware masa ɗan abin da yaron zai taɓa tsakanin ci da ci, da kuɗin mota zuwa asibiti.

Rashin firji kuma kada ya sa a zubar da allura. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fitar a 2021 daga sansanin Dagahaley a Kenya ya nuna insulin na riƙe ƙarfinsa har mako huɗu cikin zafin da ke kai da kawowa tsakanin digiri 25 da 37. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa ma tana taimakawa: tukunyar ƙasa cikin wata tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da ɗanyen tsumma a ajiye a inuwa.