Fitattun labaran jaruman zane na shekarun 1980

Fitattun labaran jaruman zane na shekarun 1980 su ne labaran da aka buga a mujallun zane na ƙasar Amurka tsakanin 1980 zuwa 1989, waɗanda masu nazari da makaranta suka fi ambata idan ana maganar labaran jarumai masu ƙarfin ban mamaki irin su Batman da Superman da Spider-Man da X-Men. Kusan dukkansu sun fito ne daga manyan kamfanoni biyu, DC Comics da Marvel Comics. Shekarar 1986 ce ta fi shahara a cikin goman, domin a cikinta ne aka fitar da The Dark Knight Returns da Daredevil: Born Again, aka kuma fara Watchmen. A wannan zamanin ne aka daina kallon labarin jarumi a matsayin abin karatun yara kaɗai.

Asali

A shekarar 1954, bayan littafin wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya zargi mujallun zane da ɓata tarbiyyar yara, kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu mai suna Comics Code Authority. Dokokinta na farko sun hana nuna zubar da jini sosai, sun hana zubar da mutuncin 'yan sanda da alƙalai, sun kuma wajabta cewa gaskiya ce za ta yi nasara a ƙarshen kowane labari. Masu sayar da jarida da yawa ba sa karɓar mujallar da ba ta ɗauke da tambarin hukumar.

Lamarin ya fara sauyawa a shekarun 1970, lokacin da shagunan da ke sayar da mujallun zane zalla suka yawaita. Waɗannan shaguna suna sayen kaya kai tsaye, ba sa mayar da abin da ya yi kwantai, kuma yawancin abokan cinikinsu matasa ne da manya. Wannan ya ba kamfanoni damar gwada labarai masu nauyi ba tare da tsoron asara ba. A 1984 DC ta fara fitar da Swamp Thing na marubucin Ingila Alan Moore babu tambarin hukumar.

Labaran X-Men

Labarin da ya buɗe goman shi ne The Dark Phoenix Saga na 1980, wanda Chris Claremont da John Byrne suka tsara a mujallar Uncanny X-Men. A cikinsa ƙarfin jaruma Jean Grey ya fi ƙarfin hankalinta, har ta cinye wani tauraro, abin da ya hallaka biliyoyin halittu a duniyar da ke kusa da shi. Da farko marubutan sun so a raba ta da ƙarfin kawai, amma babban editan Marvel na lokacin, Jim Shooter, ya ce laifin ya wuce a bar shi haka. A fitowa ta 137 ta zaɓi mutuwa a kan duniyar wata. Kafin wannan lokaci ba kasafai ake kashe jigo a cikin jarumai ba.

A 1981 mutanen biyu suka sake fitar da Days of Future Past a fitowa ta 141 da 142, inda aka nuna shekarar 2013 da ake tsare masu baiwa a sansanoni. A 1982 Claremont da mai zane Brent Anderson suka wallafa God Loves, Man Kills, labarin wani mai wa'azi, William Stryker, da ke tunzura mabiyansa su kashe masu baiwa. Masu nazari na karanta waɗannan labarai a matsayin hannunka mai sanda kan wariyar launin fata da tsangwamar tsiraru.

Ayyukan Frank Miller

The Dark Knight Returns ya fito a kashi huɗu a 1986. Miller ne ya rubuta ya kuma zana, Klaus Janson ya taimaka da tawada, Lynn Varley ta sa launi. Labarin ya nuna Bruce Wayne yana da shekara 55, ya yi shekara goma da ajiye rigar Batman, sai lalacewar birnin Gotham ta sa ya dawo. Wata yarinya, Carrie Kelley, ta zama sabuwar Robin. A ƙarshe ya gwabza da Superman, wanda a labarin ya koma ɗan aiken gwamnati. Miller ya cika shafuka da ƙananan akwatunan zane masu siffar talabijin, inda masu sharhi ke gardama ko Batman mai ceto ne ko mai ɗaukar doka a hannunsa, kuma labarin bai raba musu gardamar ba.

A wannan shekarar ce kuma Miller da David Mazzucchelli suka yi Born Again a mujallar Daredevil, daga fitowa ta 227 zuwa 233. Karen Page, tsohuwar budurwar makahon lauya Matt Murdock, ta sayar da sirrinsa don ta samu ƙwaya, sirrin ya kai kunnen uban 'yan daba Kingpin, shi kuma ya raba Murdock da aikinsa da dukiyarsa da gidansa. Mafi yawan labarin jarumin ba ya cikin rigarsa. A 1987 suka sake haɗuwa a Batman: Year One, wanda ya ba ɗan sanda James Gordon muhimmanci daidai da na Batman, ya kuma mayar da hankali kan cin hanci a rundunar 'yan sandan Gotham.

Watchmen

Watchmen ya fito a kashi 12 daga 1986 zuwa 1987. Alan Moore ne ya rubuta, Dave Gibbons ya zana, John Higgins ya sa launi. Da farko Moore ya so amfani da jaruman da DC ta saya daga kamfanin Charlton, amma da aka ga yadda labarin zai lalata su, sai aka ce ya ƙirƙiri nasa.

Labarin yana faruwa ne a wata Amurka ta ƙage a shekarar 1985, inda Richard Nixon ke kan mulki har lokacin, an haramta aikin jarumai masu rufe fuska, kuma ana dab da yaƙin nukiliya da Tarayyar Sobiyet. Binciken kisan wani tsohon jarumi ya kai ga gano cewa ɗaya daga cikinsu, Ozymandias, ya shirya kashe miliyoyin mutane a birnin New York domin manyan ƙasashe su tsorata su haɗa kai. Shirin ya yi aiki. Sauran jaruman suka yarda su yi shiru, ban da Rorschach, wanda ƙin yin shirun ya jawo masa mutuwa.

An yaba wa tsarin littafin ƙwarai. Gibbons ya gina shafukan a kan akwati tara, uku a jere sau uku, kuma kashi na biyar an tsara shi ne ta yadda rabinsa na biyu ke maimaita fasalin rabin farko kamar hoto a madubi. Littafin ya samu lambar yabo ta Hugo a 1988, kuma a 2005 mujallar Time ta sa shi cikin littattafan ƙagaggun labarai 100 mafi inganci da aka rubuta da Ingilishi tun daga 1923.

Sauran labarai

Crisis on Infinite Earths na Marv Wolfman da George Pérez, mai kashi 12, ya fito daga 1985 zuwa 1986 lokacin cikar DC shekara 50. An yi shi ne don dunƙule duniyoyin labaran kamfanin masu yawa su zama ɗaya, kuma a cikinsa Supergirl da Flash suka mutu. A 1987 J. M. DeMatteis da Mike Zeck suka yi Kraven's Last Hunt, inda wani maharbi ya binne Spider-Man da ransa har mako biyu. A 1988 DC ta ba makaranta damar zaɓar makomar Robin na biyu, Jason Todd, ta wayar tarho a labarin A Death in the Family. Masu son a kashe shi suka samu ƙuri'a 5,343, masu son a bar shi 5,271.

Suka da taƙaddama

Batman: The Killing Joke na 1988, aikin Moore da Brian Bolland, yana cikin waɗanda aka fi jayayya a kansu. A cikinsa Joker ya harbi Barbara Gordon ta gurgunce, domin kawai ya jarraba hankalin mahaifinta. Masu suka sun ce an mayar da azabar mace abin tura labarin maza gaba, shi ma Moore daga baya ya nuna bai gamsu da aikin ba. John Ostrander da Kim Yale ne suka dawo da ita a matsayin Oracle, gwanar kwamfuta a kan keken guragu.

Akwai kuma rikicin haƙƙin mallaka. Yarjejeniyar Watchmen ta tanadi cewa haƙƙin zai koma hannun Moore da Gibbons idan aka daina buga littafin, amma saboda kasuwarsa DC ba ta taɓa dainawa ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa Moore ya raba gari da kamfanin a ƙarshen goman.

Tasiri

Nasarar waɗannan labarai ta sa aka riƙa tattara mujallu a mayar da su littafi guda da ake sayarwa a manyan shagunan littattafai. Ta kuma buɗe ƙofa ga marubutan Birtaniya irin su Grant Morrison da Neil Gaiman, har DC ta kafa sashen Vertigo na manya a 1993. Sai dai a shekarun 1990 marubuta da yawa sun kwaikwayi duhun labaran da tashin hankalinsu ba tare da zurfin tunaninsu ba, abin da Moore da kansa ya yi kuka da shi.

Fina-finai da dama sun samo tushe daga wannan zamani, ciki har da X2 na 2003, da Batman Begins na 2005, da Watchmen na 2009, da X-Men: Days of Future Past na 2014, da Batman v Superman na 2016.