Kafsaisin: Sinadarin da Ke Sa Barkono Zafi

A kudancin Jihar Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, attarugu da barkono na cikin kayan miyar da ake nomawa da damina da kuma rani, musamman tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Asalin shukar nahiyar Amurka ne, kuma bayan 1492 ne jiragen Turawa suka yaɗa ta zuwa Afirka da Asiya, inda ta tarar da masoro da citta a tukunyar Bahaushe.

Abin da ke kawo zafin wani sinadari ne da masana ke kira kafsaisin, sunan da John Clough Thresh na Ingila ya raɗa masa a 1876. Kowace ƙwayar sinadarin ta ƙunshi zarra 18 na kabon, 27 na haidurojin, ɗaya na naiturojin da uku na oksijin, kuma tana da doguwar jela mai ɗabi'ar mai, abin da ya sa take narkewa cikin mai amma take ƙin ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa shan ruwa ba ya kashe raɗaɗin yaji, alhali nono ko kindirmo na kashe shi, domin furotin ɗin madara mai suna kasin yana naɗe sinadarin ya ɗauke shi daga harshe. Mafi yawansa yana cikin farin tantanin da 'ya'yan barkono ke manne a jikinsa, saboda haka mai girki da ta cire 'ya'yan ta bar tantanin ba ta rage zafin sosai ba.

A 1912 Wilbur Scoville ya ƙirƙiro ma'aunin zafin barkono, inda tsantsar kafsaisin ke da maki miliyan 16, dangin attarugu kuma ke tsakanin 100,000 da 350,000.

Babban abin sha'awa shi ne yadda jiki ke jin wannan zafi. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya suka gano wata 'yar ƙofa ta furotin mai suna TRPV1 a kan jijiyoyin jin ciwo, wadda ke buɗewa idan zafi ya haura digiri 43 don ta gargaɗi ƙwaƙwalwa cewa jiki na gab da ƙonewa. Kafsaisin yana buɗe wannan ƙofa ba tare da wuta ba, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ƙuna ce, ta umarci jiki da fitar da gumi, hawaye da majina, ko da yake naman harshe bai ƙone ba. Binciken ya kai Julius ga lambar yabo ta Nobel a 2021. Tsuntsaye kuwa ƙofarsu ba ta amsa wa sinadarin, shi ya sa suke cin jan barkono a gona su yaɗa irinsa, yayin da ɓeraye ke gudunsa.

Idan jijiya ta daɗe tana haɗuwa da kafsaisin takan gaji ta rage aika saƙo, wanda shi ne sirrin wanda ya saba da yaji, kuma a kan wannan ne likitoci suka samar da man shafawa da filasta don rage ciwon gaɓoɓi da na jijiyoyi. Ya kamata kuma a gyara fahimtar da ta yaɗu cewa yaji ne ke haddasa gyambon ciki: manyan musabbabansa su ne ƙwayar cutar Helicobacter pylori da yawan shan wasu magungunan kashe ciwo, duk da cewa yaji na iya tsananta raɗaɗi ga mai gyambon.

Inda ake da haɗari na gaske shi ne ido da huhu, domin ƙurar barkono na jawo tari mai tsanani da kumburin ido, kuma mata masu daka da masu injin niƙa ne suka fi shaƙar ta. Ya dace su riƙa rufe hanci da baki, su yi aikin a sarari nesa da yara da masu asma, sannan su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa fuska.