Me Ya Sa Muke Tambayar Maƙwabci Kafin Likita?

A watan Agustan 2014, bayan ɓullar cutar Ebola a Legas, an wayi gari wani saƙo yana yawo a wayoyin salula cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum daga cutar. Kafin hukumomin lafiya su ƙaryata zancen, jama'a da dama sun riga sun aikata, har wasu suka kwanta a asibiti. Cikinsu akwai masu ilimi, don haka ba za a ɗora laifin a kan jahilci kaɗai ba.

Masana sun daɗe suna nazarin yadda ɗan Adam yake neman bayani. A shekarar 1949, wani masanin harshe ɗan Amurka, George Zipf, ya gabatar da ƙa'idar cewa mutum kan bi hanya mafi ƙarancin wahala a duk abin da ya sa gaba. Masu nazarin ɗakunan karatu sun ga gaskiyar hakan: mai nema yakan wadatu da bayanin da ke kusa da shi, ko da akwai wanda ya fi shi inganci a nesa.

Elfreda Chatman, ita ma 'yar Amurka, ta yi bincike a tsakanin masu shara a wata jami'a, da tsofaffin mata da suka yi ritaya, da mata fursunoni. Ta gano cewa mazauna irin wannan ƙaramar duniya sukan auna labari da wanda ya kawo shi: na gida a karɓa, na baƙo a yi masa kallon zargi.

Mun ga haka a gida. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda jita-jita, sai a 2004 aka ci gaba. Aikin bai kankama ba sai da sarakuna da malamai suka sa baki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Darasin a fili yake. Ma'aikatar da ta wallafa gargaɗi da Turanci a intanet ba ta gama aikinta ba, har sai gargaɗin ya isa rediyo, da mumbarin Juma'a, da bakin ungozoma da mai unguwa. Kai kuma mai karatu, kafin ka tura saƙon da ɗan'uwanka ya aiko maka, ka tambaye shi a ina ya ji. Amincinsa a wurinka daban, ingancin labarin daban.